Sabulu a Kwanar Coci

Ranar tseren keken garin Hazelgem an zuba ruwan sabulu a kwanar coci, ana tsakiyar tsere. Abin da ya ɓata ranar ke nan. Ba ruwan sama aka yi ba, ba mota ce ta kutso ba, ba kare ba. Sabulu ne, irin mai danƙon nan kalar zuma da matan garinmu ke wanke daɓen ƙofar gida da shi.

Kwanar kuwa ta Medard Snoeck ce. Ba gadonta ya ci ba, amma tun da ya bar tsere shi ke tsayawa a wurin duk shekara, da tuta ruwan ɗorawa da usur, yana nuna wa 'yan tsere inda hanya ta karye, yana korar masu mota da waɗanda giya ta yi wa yawa. Gidansa ma a bakin kwanar yake. Hanyar ta duwatsun daɓe ce irin ta kakanni, ta gangaro daga tudun injin niƙa, ta zo gindin coci ta lanƙwashe hagu kamar gwiwar hannu. Wanda ya shige ta da gudu bai san ta ba, katangar maƙabarta ce za ta tarbe shi. Daga kwanar zuwa layin ƙarshe kuwa jifa biyu ne.

Shekara goma sha uku Medard ya yi yana cin abinci da keke, bai taɓa cin tsere ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Ɗan ɗaukar ruwa ne. Aikinsa ya tare wa ubangidansa, wato gwanin ƙungiyarsu, iska, ya koma baya ya ciko riga da gorunan ruwa, in tayar ubangida ta fashe ya cire tasa ya ba shi, shi ya tsaya a gefen hanya kamar maraya. A zamaninsu in ƙishi ya kai ƙishi sai su yada kekuna a ƙofar mashaya, su afka ciki su kwashi abin da hannu ya kai, mai mashaya na bin su da zagi yana dariya. Rigarsu ta ulu ce, in ruwa ya jiƙa ta sai ta sauko har gwiwa. Hula kuwa 'yan igiyoyin fata ne da aka cusa wa auduga. Medard kan ce amfaninta ɗaya ne: in ka faɗi tana tattara kan wuri guda, masu kwasa ba sa shan wahala.

Abin da ya fita da shi daga sana'ar bai fi biyu ba. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, don ta karye an ɗora, ta sake karyewa. Sai kuma suna. Duk yankin an yarda Medard ya san hanya. Ya kalli dutse zai gaya maka ko zai riƙe taya ko zai yaudare ta. Ba shi da kofi ko ɗaya a kan kabad, wannan sunan shi ne kofinsa.

Matarsa Irma ba ta taɓa kallon tsere ba. Tun suna matasa, ranar da zai hau keke takan rufe ƙofa ta ja labule, ta ɗauki bokiti. In ya dawo da yamma, jini a gwiwa ko babu, gidan na ƙamshin sabulu, ita kuma ta ce masa ya cire takalmi. Medard ya daɗe da yanke hukunci cewa Allah ya haɗa shi da mace mai tsabta wadda keke bai dame ta ba. Bai taɓa tambaya ba. Shi ba mai tambaya ba ne.

A shekarar ne aka fara sa tseren mata a bikin garin, kuma jikarsu Saar na ciki. Da safe ta zo gidan kakanninta ta karya kumallo, ta fito da ɗan ma'auni daga jaka ta auna farar shinkafa, ba mai ba miya.

"Wannan abincin ɗan tsere ne ko na marar lafiya?" in ji Medard. "Mu da asuba nama muke ci, faɗin tafin hannu biyu, da jininsa."

"Shi ya sa kake zuwa na tamanin a tsere, Pepe," in ji Saar, da sunan da take kiran kakan nata.

"Ja'ira! Na tamanin ɗin da ruwan mutum tara a bayana."

"To ni yau ruwana kaɗai zan ɗauka."

Ya ɗauki hular kwanonta ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya leƙa kekenta da ke jingine a zaure. Keken bai kai nauyin kaza biyu ba. Ga ɗan agogo a gaba mai gaya mata ƙarfin ƙafarta da bugun zuciyarta, ga birkin faifai irin na babur.

"Ku yanzu agogo kuke kallo, ba hanya ba," ya ce. "Ki ji ni da kyau. Kwanar nan ki shige ta ta ciki, dab da kwatar ƙofar nan. Duwatsun waje sun sha taya sun yi sulɓi."

"Ka gaya mini jiya. Ka gaya mini shekaranjiya."

"Gobe ma zan gaya miki."

Irma ta ajiye biredi da cuku a gaban yarinyar. "Ki ci ko ɓari ɗaya ne, 'yar nan."

"Meme," Saar ta ce wa kakarta, "ba za ki leƙo ko ta taga ba? Ta ƙofarki fa za mu riƙa wucewa."

"Ina da aiki," in ji Irma. Hannuwanta sun riga sun yi ja, tun kafin rana ta ɗaga ta gama wanke kicin.

Da hantsi alƙalin tsere ya tara masu tuta a harabar coci. Saurayi ne mai gilashi, ba mugu ba. Ya karanta musu dokoki, ya ƙare da wadda kowa ya sani: mai tuta ba ya taka hanya. A gefe yake tsayawa. Tsayar da tsere aikin alƙali ne shi kaɗai, wanda ya shiga gaban keke kuwa ya gama riƙe tuta har abada.

"Ko uwarka ce ta faɗi, ka bari motar asibiti ta zo," in ji Polle, da suka koma kwanar. Polle abokin Medard ne tun suna ƙungiya ɗaya. Wani kare ne ya gitta masa a wani tsere a kudu, tun ranar yake tafiya da sanda. Duk shekara yakan kawo kujerarsa ya dasa kusa da Medard, da kwalba a ƙarƙashi.

"Dokar ba ta da laifi," in ji Medard. "Da akwai ta a zamaninmu, da yau da ƙafa biyu kake zuwa mashaya."

"Kare ya san doka?"

"Mai karen ya sani."

"Yanzu an kori karnuka, an dasa ƙarafa da tukwanen fure a tsakiyar kowane titi don masu mota su rage gudu. Yaran nan gudunsu ya ninka namu, hanya kuma ta zama kamar ɗakin tsohuwa, ko'ina tarkace. Wa ya ci riba?"

"Masu sayar da hula," in ji Medard.

Aka saki 'yan tseren bayan azahar. Zagaye suke yi, su hau tudu su gangaro su sha kwana su wuce, bayan ɗan lokaci su sake dawowa. Duk zuwansu Medard ya busa usur ya kaɗa tuta sama da kai. Ya zo ne da shirin raina tseren mata, amma tun zagaye na biyu ya yi shiru. Yaran na shan kwanar kafaɗa da kafaɗa, ba mai tsoro a cikinsu.

Saura zagaye uku, sai ga Saar ta ɓullo kan tudu ita kaɗai.

Medard ya san jikarsa. Ba ta da gudun ƙarshe, ko kaɗan. In aka iso layi a dunƙule, mata goma za su wuce ta. Amma in ta samu iska ita kaɗai, tana da ƙirjin doki. Ta sha kwanar ta ciki, dab da kwata, yadda ya gaya mata. Ayarin bai ɓullo ba sai da ta ɓace.

"Kai, Medard!" Polle ya buga sanda a ƙasa. "Ashe a gidanku akwai mai cin tsere? Lallai ba kai ta biyo ba."

"Rufe mini baki, kada ka yi mata baki."

A zagaye na gaba tazarar ta ƙaru. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, mai sanarwa yana ta kiran sunan Snoeck a lasifika, garin ya ɗauka. Medard bai taɓa jin an kira sunan nan haka ba. Ya bar inda yake tsayawa ya matsa sama kaɗan don ya hango tudun da kyau, ya ba wa gidansa baya. 'Yan kallo duk sun ruga layin ƙarshe don su ga ci, kwanar ta rage daga shi sai Polle, su biyun kuma idonsu na kan tudu.

Hancinsa ne ya fara gaya masa. Ƙamshi ne da ya sani, ƙamshin dawowa gida ranar tsere. Har ya ɗan ji daɗi, kafin kansa ya tambaye shi me ƙamshin yake yi a waje.

Ya juya. Irma ce a ƙofar gida, ta sunkuya da doguwar burushi, ta ba wa hanya baya, tana dirzar daɓe kamar wadda daɓen ya zaga. Bokiti na kife a gefenta. Daɓen gidansu kuwa gangare yake. Ruwan ya sauka, ya cika kwata, ya malala kan duwatsu, farar kumfa ta kwanta daidai layin da ya ce wa yarinyar ta bi.

"Irma!"

Ba ta ji ba. A daidai lokacin motar da ke share wa 'yan tsere hanya ta gangaro da kiɗanta, ta sha kwanar, bayanta ya ɗan yi rawa, tayoyinta suka shafe sabulun daga wannan gefe zuwa wancan. Yanzu babu ciki babu waje. Duwatsun na ƙyalli kamar bayan kifi.

Medard ya taɓa ganin abin da jiƙaƙƙen dutse ke yi wa mutum. Wannan kuwa ba ruwa kaɗai ba ne. Ya dubi katangar maƙabarta, ya dubi tudu. Ga Saar ta ɓullo, ta duƙa, haɓa kusa da agogo, tana zuba duk abin da ya rage mata.

Ya busa usur har kunnensa ya toshe. Ya kaɗa tuta. Amma tun azahar yake busawa yake kaɗawa, ta wuce shi sau nawa, ya zame mata kamar itacen gefen hanya. Ba ta ɗago ba.

Ya yar da tutar. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya ruga sama, ƙafa na harɗewa, ya fita tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa.

"Medard, ka haukace?" Polle ya yi ihu.

Ta ɗago kai a ƙurarren lokaci. Birkin nan da yake yi wa ba'a ya yi wata ƙara kamar ana yanka alade, tayar baya ta ɗaga sama ta dawo, keken ya yi ta ja yana ja, tayar gaba ta shige tsakanin gwiwoyinsa, hular kwanonta ta doki ƙirjinsa. Ya zauna daɓas a kan duwatsu, amma hannunsa na riƙe da kan keken. Da birkin zamaninsu ne, da su biyun sun tafi tare.

"Pepe! Sake ni! Sake ni, na ce!"

"Dubi kwana."

"Suna zuwa! Za su kama ni!"

"Dubi kwana, don ubanki!"

Ta duba. Ya ga fuskarta ta canza.

"Ɗaga hannu," ya ce, numfashi na yanke masa. "Ni ba za su gan ni ba. Ke suke kallo."

Ta juya ta ɗaga hannu biyu sama tana ihu. Ayarin ya gangaro, birki ya ɗauki kuka gaba ɗaya, suka cunkushe a bayanta suna zage-zage. Biyu suka kasa zare ƙafa daga feda suka kife a gefe, a hankali, kamar buhunan dankali. Suka tashi suna karkaɗe jiki. Ba wanda ya zubar da jini.

Kafin ka ce kwabo jama'a sun dawo daga layi. Alƙali ya fito daga mota fuskarsa ja wur. Ya taka kwanar don ya isa wurin Medard, ƙafarsa ta zame, da ƙyar ya dafe mota. Ya sunkuya ya shafi dutse ya sansana.

"Sabulu? Wa ya zuba sabulu a hanyar tsere?"

Medard ya hango Irma. Tana tsaye a bakin ƙofa da burushi a hannu, bakinta a buɗe, tana kallon kumfar, tana kallon jikarta, tana kallon katanga. Ya ga ta fahimta. Ya ga kuma in aka bar ta ta ce ita ce, a gaban garin nan da yarinyar nan, ba za ta ƙara fitowa ƙofar gida ba har ta mutu.

"Ni ne," ya ce.

"Kai, Baba Snoeck?"

"Na ga taɓo a kan duwatsun. Na ce bari in wanke kafin su dawo."

"Da sabulu?"

"Shi na samu."

Irma ta taka gaba. "Medard..."

"Ke shiga gida, ba ruwanki da maganar tsere. Ba ni burushina." Ya fizge burushin daga hannunta ya riƙe kamar nasa.

Polle ya buɗe baki. Medard ya yi masa wani kallo, ya rufe.

Sai wani daga baya ya fashe da dariya, dariyar ta bi jama'a. "Mutumin da ya san hanya!" wani ya ce. "Gobe sai ka shafa mata mai ka sa mata hoda!" Medard ya tsaya da burushi yana kallon ƙasa.

'Yan kwana-kwana suka zo suka wanke kwanar da ruwa mai ƙarfi, aka watsa yashi. Alƙali ya yi adalci, ya ce a sake zagaye ɗaya, a ba Saar tazarar da take da ita. Amma ƙafar da ta huce ba ta komawa yadda take, su kuma na baya sun huta sun haɗa kai. A gindin injin niƙa suka kama ta. Wata 'yar garin maƙwabta ce ta ci. Saar ta shigo cikin ayari, ba a ko kira sunanta ba.

Da yamma ana ta kiɗan biki a dandali, Medard na zaune a kicin da tsumma mai sanyi a ƙirji. Irma na zaune a gabansa, hannuwanta a cinya, abin da bai saba gani ba.

"Me ya sa ka ce kai ne?"

"Ni an saba yi mini dariya. Na tamanin nake zuwa."

"Ban san na fita ba, Medard. Na ji ana kiran sunanta a lasifika. Na wanke ɗaki, na wanke zaure, na sake wanke kicin, babu sauran abin wankewa a gidan. Hannuna ne ya kai ni."

Ya sauke tsumman daga ƙirji.

"Lokacin da nake tsere ma haka kike yi?"

"Da ka ɗauka gidan da kansa yake wanke kansa?"

"Na ɗauka keke ne bai dame ki ba."

"Keke bai dame ni ba," ta ce. "Wawan da ke kansa ne."

Ya miƙa hannu ya ɗauki nata, ya juya shi yana dubawa kamar yadda yake duba taya. Duk ya tsattsage.

Aka turo ƙofa da ƙarfi. Saar ce, har yanzu da rigar tsere, idanunta sun kumbura. Ta tsaya a kansu.

"Da na ci, Pepe."

"Da kin ci."

"Ba na samun irin wannan ranar kullum."

"Na sani. Ni ban taɓa samu ba."

"Wai kai ka wanke hanya." Ta yi tsaki. "Kai da ko kofin shayinka ba ka taɓa ɗaurayewa ba. Ka san ma inda ake ajiye bokiti a gidan nan?"

"Tsufa ne. Mutum yakan koyi sabon hali."

Yarinyar ta dube shi, ta dubi kakarta, ta dubi jajayen hannuwan nan. Irma ta fara cewa, "'Yar nan, ni ce..." Saar ta katse ta.

"Meme, yunwa nake ji. Akwai abinci a gidan nan ko sai na je dandali?"

Irma ta miƙe da sauri ta ɗora mai a wuta. Saar ta ja kujera ta zauna kusa da kakanta, ta kai masa duka a kafaɗa, mai lafiyar, ba da wasa sosai ba.

"Da na kashe ka fa, tsoho."

"Da wannan keken na takarda? Haba."

Bayan kwana biyu shugaban kwamitin tsere ya zo gidan da kansa, yana ta sosa ƙeya. Ya ce kowa ya san Medard ya hana ɓarna, amma shi ya jawo ta, ga shi kuma ya taka hanya a gaban alƙali. In ba a ɗauki mataki ba, baɗi ba za a ba garin izinin tsere ba. Medard bai bar shi ya gama ba. Ya ɗauko tuta da usur ya miƙa masa, ya tambaye shi ko zai sha kofi.

Polle ya so ya fasa ƙwai a mashaya, Medard ya ce in ya kuskura zai karya masa ɗaya ƙafar. Don haka maganar ta zauna yadda aka faɗe ta a kwana. Samarin da kan tsaya a ƙofarsa su tambaye shi labarin duwatsu suka daina tsayawa. Wa zai nemi shawarar mutumin da ya wanke hanyar tsere da sabulu? In ya shiga mashaya sai wani ya ce a ɗaga ƙafa, ga mai shara ya iso. Yakan yi dariya tare da su, ya zauna ya sha abinsa.

Yau a Hazelgem in ka tambayi gidan Medard Snoeck, tsohon ɗan tsere, yara za su ce ba su san shi ba. Ka ce Medard Sabulu, a kai ka har ƙofa.